Auren da Aka Ɗaura Mini a Cikin Kaset

Masu karatu, sallama gare ku. Wasunku sun dame ni da tambaya ɗaya: wai me ya raba ni da fim, ni da na fara tun ana ɗaukarsa da kyamarar biki? Na daɗe ina kewaye-kewaye. Yau dai zan faɗa. In kun ga dama ku zage ni, ba za ku kamo ƙafata wajen zagin kaina ba.

Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Zuliha. 'Yar Chinade ce ni, amma a Azare na girma, a gidan ƙanin mahaifina Malam Bappayo, wanda ya ɗauko mu ni da Inna bayan rasuwar Babanmu. Abin da zan ba ku labari ya faru a 1995. Shekarata ashirin da ɗaya a lokacin, kuma saura kwana tara a ɗaura aurena da Maikuɗi.

Kada sunan ya ruɗe ku. Malamin firamare ne, keke gare shi da riguna uku, ɗaya shuɗiya biyu farare. Amma shekara uku yana zuwa zance ƙofar gidanmu, ko ana ruwa ko ana iska, bai taɓa faɗa mini maganar da ta hana ni barci ba. Ina sonsa, ba na jin kunyar faɗa. Mahaifiyarsa Hajiya Uwa kuwa, ko sunana aka ambata sai ta tofar da yawu. Cewa take ɗanta ba zai auri 'yar dirama ba. Sai da ya yi wata biyu ba ya cin tuwon gidansu sannan ta sauko, bisa sharaɗin ranar da na tare na yi bankwana da wasa. Na ce na ji na gani.

Mu 'yan Chinade ban san me ke cikin ruwan garinmu ba. In ka ga mutum uku suna gardama a tashar Azare, ɗaya yana kwaikwayon muryar sauran biyun, kada ka tambaya, namu ne. Ƙawata Saudatu ta tafi Bauchi tana wasa a rediyo. Wasu samari biyu sun bi masu kiɗan biki. Shugaban ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo kuwa, Yelwa, shi Kano ce a ransa, inda aka fara sayar da wasan Hausa a kaset na bidiyo. Dogo ne siriri, kullum da biro a kunne, in yana tsara wasa ko abinci mantawa yake. Tsakanina da shi babu komai sai faɗa da dariya. Ku riƙe wannan, don za ku ji abin da mutane suka ce.

Shekara guda kafin bikina muka ɗauki fim ɗinmu na farko. Mu ba ma rubuta komai. Yelwa zai tara mu ya ce, "Ke an yi miki kaza, kai ka zo kana cewa kaza," sai kowa ya buɗe baki. Kuma kowa da sunansa na gaskiya yake fitowa, don kada a rikice, don kuma 'yan gari su ce ai ga wance. Mai ɗaukar hoto shi ne Obadiya, wani Kirista mutumin kudancin Bauchi da ke aiki a Azare. Ranar Juma'a yake aro kyamara daga ofishinsu, Litinin da safe dole ta koma.

Ranar Lahadi, saura fitowa ɗaya mu gama, wato ɗaurin aurena da Yelwa a cikin wasan. Mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, ga goro ga alewa, maƙwabta sun taru ana ta leƙe. Sai mai fitowa a matsayin ubana bai zo ba, wai babur ya lalace masa a hanyar Chinade. Rana tana yin ƙasa, batir yana ƙarewa, Yelwa yana ta zagaye kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai.

Ni, uwar iyayi, na hango Baffa a kan dakali yana kallonmu. Na ce, "To ga Baffa nan, wa ya fi shi iya zama ubana?"

Baffa mutum ne mai son a gan shi. Kafin in rufe baki ya shige gida, ya fito da babbar rigarsa ta Sallah da hula ƙube. Yelwa ya jawo yayansa da ya raka shi, ya ce, "Yaya, ka karɓar mini." Aka kira tsohon ladanin unguwarmu, wanda kunnensa ya yi nauyi, aka ce ya zo ya ɗaura aure. Bai tambayi komai ba, ya zauna ya yi abin da ya saba yi.

Na tuna Obadiya ya ɗaga kai daga kyamara ya ce, "Yelwa, wannan fa da na gaske babu bambanci a idona."

Muka kwashe da dariya. Yelwa ya ce, "Ai shi ake nema, Oba. Ɗauka kawai."

Bayan nan Yelwa ya tafi Kano da kaset ɗin don a tace shi, ya samu shiga wurin masu fim na can, ya zauna. Ni kuma na shiga hidimar aure. Har na manta da wani fim.

To, ranar Alhamis ɗin nan da ya rage kwana tara, ina ɗakin Inna muna jera kayan lefe. Atamfa bakwai, leshi biyu, wata shadda ruwan ƙasa da Maikuɗi ya zaɓa da kansa, ga turaren wuta da Ya Gana maƙwabciyarmu ta haɗa mini, duk ɗakin ya ɗauki ƙamshi. Sai Obadiya ya yi sallama da murnarsa, kaset ya iso daga Kano. Nan da nan Baffa ya aika aka aro talabijin da bidiyo aka kafa a zaure.

Ana cikin haɗa wayoyi sai ga yayan mahaifin Maikuɗi ya zo su tsayar da lokacin ɗaurin aure. Tsohon alƙali ne da ya yi ritaya, kowa Alƙali yake ce masa. Da Baffa mai kunya ne, da ya rufe talabijin ɗin da tabarma. Ina! Cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, zauna ka ga ɗan'uwanka a cikin akwati."

Ni na kawo musu fura. Na durƙusa ina gaisuwa daidai lokacin da muryar Baffa ta fito daga talabijin yana cewa ya ba da auren 'yarsa Zuliha ga Yelwa. Baffa na gaske yana ta washe baki. Alƙali ya ajiye ludayi.

"Mai da shi baya."

Obadiya ya mayar. Aka sake kallo.

"Ƙara mayarwa."

Sau uku. Sannan ya juyo ga Baffa, muryarsa a kwance kamar mai tambayar farashin gero.

"Mahaifin yarinyar nan yana raye?"

"Allah Ya yi masa rasuwa."

"Wane ne waliyyinta?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Amma ai wasa..."

"Wanda ya karɓa fa?"

"Yayan Yelwa ne. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Sadakin da na ga an miƙa maka, na takarda ne?"

Baffa ya sosa ƙeya. "Na gaske ne. Yaran suka ce in riƙe in ci goro."

"Ka mayar?"

Baffa ya girgiza kai. Alƙali ya dube ni. "Ke, da saninki aka yi?"

Na ce, "Ni na kira Baffa."

Ya gyara zaman rawaninsa. "Malam Bappayo, aure ba ya karɓar wasa. Ga waliyyi, ga wakilin miji, ga sadaki, ga shaidu sun fi talatin, ga sunanta ga sunansa, ga yardarta. Me ya rage? Shekara guda ke nan 'yarka tana da miji."

Wallahi na so in yi dariya, don na ɗauka tsokana ce irin ta manya. Sai na ga Baffa ya daina washe baki, ya ture kwanon fura gefe. Inna da ke laɓe bayan ƙofa ta saki salati.

Alƙali ba mugu ba ne. Ya ce abin da sauƙi. Tunda ba a tare ba, babu idda. Yelwa ya rubuto layi ɗaya cewa ya sake ni, shi ke nan, ranar Asabar ta sama a ɗaura da Maikuɗi kamar yadda aka sa. Aka yanke cewa Obadiya zai tafi Kano ranar Lahadi bayan ya fito coci, don shi ya san inda Yelwa yake kwana.

Da abin ya tsaya nan, da yau ba ku san ni ba. Amma Azare fa ake magana. Kafin la'asar labari ya kai kasuwa. Washegari na fita sayen zare, Larai mai ƙosai ta ɗaga murya, "Matar Yelwa, yaushe za a tare ne mu zo ganin ɗaki?" Matan da ke wurin suka bushe da dariya. Na wuce kamar ban ji ba, amma kunnuwana zafi suke yi.

Wannan duk mai sauƙi ne. Ranar Asabar Ya Gana ta shigo tana jan ƙafa, ta ce ta ji da kunnenta a gidan suna, Hajiya Uwa tana cewa, "Ni dama na faɗa. Kaset ya nuna ɗaurin aure, to wa ya san abin da kaset bai nuna ba? Yarinya da saurayi ana yawon ƙauye da su da sunan wasa."

Masu karatu, ni ina da zuciya, ban gaji haƙurin Inna ba. Maganar nan ta tsaya mini a ƙahon zuci. Da yamma Maikuɗi ya zo, ya jingine kekensa, muka tsaya a soro. Ya rame cikin kwana biyu.

Na ce, "Ka ji abin da Hajiya ta ce?"

"Na ji."

"Ka yarda?"

"Zuliha, da na yarda da ba ki gan ni nan ba."

"To mutanen gari fa? Takarda za ta zo a ninke, Alƙali ya karanta a zaure, shi ke nan? Har in mutu ana nuna ni da baki?"

Ya ce, "Bakin mutane ba ya hana tuwo dahuwa. Layi ɗaya muke nema. Don girman Allah kada ki ƙara komai a kai. Ki bari a samo takardar, sauran ni zan ji da shi."

Na ce to. Ya ce in yi masa alkawari. Na yi.

Yana hawa kekensa na shiga ɗaki, na yago takarda daga tsohon littafina na makaranta. Har yau zan iya karanta muku ita da ka:

"Yelwa, kai ka jawo ni cikin wasan nan, kai za ka fitar da ni. Kada ka aiko mini da takarda kamar wata wadda ka gaji da ita. Ka zo da ƙafarka, ka tsaya a zauren Baffa, ka faɗa wa mutanen Azare cewa ko hannuna ba ka taɓa riƙewa ba, sannan ka sake ni kowa yana ji. In ba ka zo ba, ban yafe ba."

Na naɗe ta, na manne da ƙaro. Ranar Lahadi da Obadiya ya biyo karɓar wasiƙar Baffa, na tare shi a bayan gida na ce ya haɗa da wannan, kuma kada kowa ya ji. Ya juya ta a hannu ya ce, "Zuliha, lafiya dai ko?" Na ce gaisuwa ce.

Litinin da azahar ya dawo hannu rabbana. A gaban Baffa ya ce Yelwa ya yi salati ya fi a ƙirga, ya ce zai zo da kansa ranar Laraba, yana da ɗaukar fim ranar Talata, babban matsayi na farko da aka ba shi a Kano. Baffa ya yi ta faɗa, wai layi ɗaya ma sai an yi masa rakiya? Da muka keɓe Obadiya ya ce mini, "Ya riga ya ciro biro daga kunnensa, ya ɗora takarda a cinya. Sai na ba shi taki. Ya karanta sau biyu, ya mayar da biron. Ya ce ki yi haƙuri, kina da gaskiya, zai zo ya wanke ki."

Ku ji abin kunya: daɗi na ji. Har na fara tsara yadda fuskar Hajiya Uwa za ta koma.

Laraba da safe aka sa mini lalle, tunda kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ya Gana ta zana mini hannu, Inna ta ƙunsa mini ƙafa da ganye da tsumma. Ƙawaye sun cika tsakar gida, ana dakan gero ana guɗa. Na saka sabuwar atamfa mai ganyen shuɗi, da ɗankunnen da Maikuɗi ya sa a lefe. A zaure kuwa Baffa ya tara mutane yadda ya kamata, Alƙali da ladani da dattawan unguwa, har da Maikuɗi a gefe cikin farar rigarsa. Motar Kano ta farko takan iso kafin azahar.

Aka yi azahar, babu Yelwa. Aka yi la'asar. Dattawa suka fara duban juna. Na kwance lallen ƙafata, ya kama jajir har ya yi duhu, ƙawaye suna cewa alamar miji mai so ce.

Wajen ƙarfe biyar Obadiya, da ya tafi tasha tarbo shi, ya dawo babu hula. Ban ji abin da ya faɗa ba. Salatin maza kawai na ji ya tashi daga zaure, sai taɓarya ta tsaya a turmi. Na fita da gudu babu mayafi, na tsaya a bakin ƙofa.

Motar da Yelwa ya shiga ta yi karo da babbar mota bayan an wuce Jama'are. Mutum shida suka rasu, har da Yelwa. Shi yana gaba kusa da direba, don ya ce sauri yake yi.

Na zame na zauna a ƙasa. Yelwa da biro a kunne. Yelwa da ya koya mini yadda ake kallon kyamara ba tare da an kalle ta ba. A wannan lokacin ban tuna da wani aure ba, kuka kawai nake yi na mutumin da na sani tun muna yara a Chinade.

Alƙali ne ya tuna. Ya bari aka yi addu'a, sannan ya kira Obadiya gabansa.

"Da kuka haɗu a Kano, ya rubuta wani abu?"

"Bai rubuta ba, ranka ya daɗe."

"Ya furta da bakinsa? Ko sau ɗaya? Ya ce ya sake ta?"

Na ga Baffa ya kafe Obadiya da ido, yana ɗan gyaɗa masa kai. Ni ma, Allah Ya yafe mini, addu'a nake yi a zuci ya yi ƙarya. Obadiya ya dubi Baffa, ya dube ni, hawaye na zubo masa.

"Bai faɗa ba. Cewa ya yi sai a gabanta."

Alƙali ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "To ya rasu yana mijinta. Takaba ba ta tambayar an tare ko ba a tare ba. Wata huɗu da kwana goma. Kuma kada wanda ya yi mata maganar aure har ta fita."

Ƙawaye suka watse ɗaya bayan ɗaya, ko sallama babu. Inna ta kai ni ɗaki. Ta cire mini ɗankunne da awarwaro, ta tuɓe mini atamfar, ta ba ni wani koɗaɗɗen zani nata. Ta kawo lemon tsami da toka ta yi ta dirzar hannuna, lalle ya ƙi fita. Daga ƙarshe ta buɗe ƙasan akwatinta ta ɗauko 'yar wuƙar da ta riƙe lokacin takabar Babanmu, irin wadda mata ke ajiyewa kusa da su har su fita, ta sa mini a tafin hannu. A nan ne ta fashe da kuka.

Washegari Hajiya Uwa ta aiko mata biyu suka kwashe akwatunan lefe, wai za a adana kada asu ya ci. Ko turaren Ya Gana ba su bari ba. Ban damu ba, don ina da abin da na dogara da shi. Na ce a raina, mutumin da ya jira ni shekara uku, wata huɗu ba za su gagare shi ba. Babu wanda ya san da takardata sai Obadiya, shi kuwa ba zai faɗa ba.

Abin da ban sani ba shi ne, Maikuɗi ne ya raka Obadiya asibiti karɓo gawa, kuma shi aka damƙa wa kayan da ke aljihun mamacin.

Ranar Asabar da ƙarfe sha ɗaya na safe, daidai lokacin da aka sa za a ɗaura, na ji ƙarar kekensa a ƙofar gida. Inna ta ce ya zo ta'aziyya. Na ja mayafi na rufe hannuwana, na tsaya daga cikin soro, shi yana daga waje. Shuɗiyar rigarsa ya sa.

Bai ɗago ido ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wata takarda a naɗe, gefenta ya yi baƙi ya bushe. Tun daga nesa na gane layukan littafina na makaranta. Ya sunkuya ya ajiye ta a kan dokin ƙofa tsakaninmu.

"A aljihun gaban rigarsa aka samu," ya ce. "Na san rubutunki."

"Maikuɗi, ka tsaya in yi maka bayani..."

"Layi ɗaya na roƙe ki, Zuliha."

Ya kama ƙahon kekensa ya juya shi. Sannan ya tsaya, ya gyara murya yadda ake yi a gidan makoki, ya ce:

"Allah Ya ba ki haƙurin rashin mijinki."